Ƙuli-ƙulin Birni

Shekarar da aka sami mulkin kai aka sako ƙanena daga gidan horon yara. Laifinsa, keken hedimasta ya gani a jingine, ya haye, bai tsaya ba sai ƙasar Dahome. Da alƙali ya tambaye shi dalili, cewa ya yi gangarar ce ta yi daɗi. Ya dawo mana Bagudo kai ƙwal, ga tsawo, ga shiru, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Baba ya yanke magana: in makaranta ba ta sake karɓarsa ba, zai tura shi kiwo wurin kawunmu a ƙetaren iyaka, shi ke nan. Ni kuwa ƙanen nan ɗaya gare ni, a bayana ya girma.

Inna ce ta kawo dabara. Ta ce duk wanda ya yi tafiya ya dawo, ai sai ya zaga mutane da tsaraba, ɗanta kuwa tafiya ya yi. Na ce, "Inna, wace tsaraba ake samu a gidan horo? Ƙwarƙwata?" Ta kai mini duka da ludayi, ta ɗora kasko. Ƙuli-ƙuli fa sana'arta ce, daga nan har Kende babu bakin da bai san hannunta ba.

Da hantsi muka fita, Inna a gaba, ni da faranti a ka, shi a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Gidan Gwaggo muka fara. Inna, ko kunya babu, ta ce, "Ga ɗanku ya dawo daga birni, ga 'yar tsaraba." Gwaggo ta gutsura, ta dubi Inna, ta dube ni. Na ce yau asirinmu ya tonu. Sai ta haɗiye, ta ce, "Lallai na birni daban ne. Ke ma ki koyi irin wannan, naki gishiri ya cika yawa." Dariya ta kusa kayar mini da farantin.

Kafin azahar labari ya riga mu. Mata na tare mu a ƙofa suna neman rabonsu na birni. Wani tsoho mai gyaran takalma ya rantse har ƙamshin mota yake ji a ciki. Yara suka biyo mu da 'yan tutocin da aka raba musu na bikin mulkin kai, ka ce gwamna muke rakiya. Duk wanda ya karɓa sai ya ce wa ƙanena sannu da hanya, shi kuma ya amsa, tun a ciki-ciki har muryarsa ta fito. Daɗi ya kwashe ni, har rawa na taka a bakin rijiya, ƙuli-ƙuli ya zube, na tsince na hure na mayar.

Gidan hedimasta muka bari ƙarshe. Mutumin kudu ne, ba a ganin haƙoransa. Inna ta buɗe baki za ta maimaita karatunta, sai ƙanena ya sauke farantin daga kaina, ya durƙusa.

"Malam, ba na birni ba ne. Inna ta soya da safe. Ni ban zo da komai ba."

Wallahi ji na yi kamar in make shi. Mun yini muna lallaɓawa, ya zo ya kwance mana zane a gaban mutumin da muka fi tsoro.

Hedimasta ya dube shi, ya ce, "Can sun koya maka karatu?"

"Kaɗan, Malam. Aikin katako ya fi yawa."

"To. Bencin aji huɗu ya karye ƙafa. Ka zo Litinin ka gyara. In ka gama ka zauna a kai."

Muka fito. Ba mu yi nisa ba Inna ta zauna a gindin wata katanga, ta rufe fuska da gefen zane. Tun ranar da aka tafi da shi ban ga hawayenta ba sai ran nan. Ƙanena ya tsuguna kusa da ita, ya ce, "Inna, mutane na kallo."

Ta ce, "Bari su kalla."