Si Shadli Mai Auna Ƙara Ya Ajiye Aiki

Da zarar zafi ya kama a Binzart, garinmu na bakin teku, mawaƙa suka fara sauka a dandalin da ke bayan unguwarmu, Si Shadli Garbi ya daina cin abincin dare da iyalinsa ke nan. Bayan la'asar yake fitowa daga ofishin hukumar gari, na'urar auna ƙara rataye a wuya, ya bi layi-layi yana sauraron yadda tagogi ke karkarwa idan makaɗa suna gwada lasifika. Tun gashinsa yana baƙi yake tsaye tsakanin waɗanda suka sayi tikiti don su yi rawa da waɗanda za su fita aiki da asuba.

Babu ɓangaren da ya taɓa yaba masa. Masu shirya wasa suna kiransa mai kashe biki. Mu 'yan unguwa kuma muna cewa an toshe masa baki, shi ya sa har yanzu ganga ke dukan ƙirjinmu. Duk yana ji, sai ya kurɓi shayinsa ya koma gindin katangar dandalin.

Lella Munjiya ba za ta manta da shi ba. Gidanta manne yake da katangar dandalin, mijinta kuma yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Wata rana ta tare shi a bakin ƙofa.

"Si Shadli, ka zo auna mana wahalar ne? Auna ka wuce, kamar bara."

Bai wuce ba. Ya nemi izini ya shiga, ya zauna gefen gado, ya ga yadda tsohon ke zabura da kowane bugu, ga shi ba bakin magana. Daga nan ya sami Rida, mai shirya wasan, ya ce a juya lasifikun su fuskanci teku. Rida ya yi dariya, ya ce ai kifaye ba su sayi tikiti ba.

"To, ni ma ban ba da izini ba," in ji Si Shadli.

Aka ɗage wasan. Manya suka yi ta bugo waya, kafin mako ya zagayo an mayar da Si Shadli kasuwa duba sikelin 'yan kifi. Sai da matan unguwa suka je suka zauna a ƙofar hukumar, suka ƙi tashi, sannan aka dawo da shi, aka juya lasifikun. Ƙarar ba ta ɗauke ba, raguwa kawai ta yi. Amma tsohon ya sami barci a ɗakinsa har lokacin da Allah ya karɓi abinsa.

Si Shadli, kai ne wanda muka zaga da safe muka nema da yamma. Kai ka sha ƙarar da ka rage mana, har kunnenka na hagu ya mutu. Matarka Naziha ta ce yanzu sai ta dafa kafaɗarka kafin ka san ana kiran salla.

A watan jiya ya yi ritaya, ba taro, ba jawabi. Da na ce masa zan yi wannan rubutu, cewa ya yi in bar shi ya huta, ya gaji.

Mun gode, Si Shadli, ko da godiyar ta makara. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Ku kuma matasan hukumar, wani a cikinku ya daure ya rataya na'urar nan. Ran Asabar za a fara wasannin bana, har yau kuwa babu wanda ya nemi kujerarsa.