Ranar da Na Karya Kifin Baffa a Bainar Jama'a

Assalamu alaikum Edita, da dukkan masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki alƙalami. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin wanda na ɓata wa yana nan da ransa, kuma abin da bakina ya jawo masa ya isa haka.

A lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ban yi aure ba. Na tashi maraya a gidan ƙanin mahaifina, a wani ƙauye na bakin ruwa ta wajen Kirikasamma. Baffa nake ce masa. Sana'arsa bandar kifi. Yakan sayi ɗanyen kifi a hannun masunta da hantsi, mu fafe, mu wanke, mu lanƙwasa tarwaɗa mu jera a raga, shi kuma ya tsaya a kan wuta. Bai yarda wani ya kula masa da wuta ba. Shi ya sa ni a makarantar allo har na sauke, hannuna ya faɗa da rubutun ajami, boko kuwa sai da na girma na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Duk ranar kasuwa muna ɗora kwalaye a mota mu tafi Haɗejiya, kuma kafin azahar an saye na Baffa, domin dillalai sun san ba sai sun buɗe kwalinsa ba.

A kasuwar na fara ganin mutanen wani kamfani da ke sayen kifi banda, yana zubawa a leda mai tambari, yana kaiwa manyan kantuna na birane. Suna zuwa da fararen riguna har gwiwa, ba toka a jikinsu, idonsu ba ja. Ni kuwa hayaƙi ya riga ya zauna mini a fata, ko na yi wanka na sa sabuwar riga, wanda ke kusa da ni a sahu ya san daga inda na fito. Sai aikin nan ya shige mini rai. A sujada nake roƙonsa. Da na faɗa wa Baffa, ya yi dariya ya ce in dai farar riga ce matsalar zai ɗinka mini, amma bai hana ni ba, har addu'a ya yi mini.

Allah ya nufa kamfanin ya nemi wanda zai riƙa tantance kifi kafin a saya. Abin da suke tsoro shi ne maganin ƙwari, domin akwai marasa tsoron Allah da ke fesa wa busasshen kifi don kada tsutsa ta ci. Suna son mai hanci, wanda ya tashi a cikin sana'ar. Da manajan kamfanin ya ga kuma ina iya rubuta sunan mai kaya da irin kifin a jikin kwali da ajami, yadda kowane mai banda zai karanta ya gane nasa, sai ya ɗauke ni a ranar. Aka ba ni farar riga, da hula, da safar hannu ta roba, da ɗaki a bayan sito a cikin Haɗejiya. Ranar da na fara fita, 'yan layin kifi suka yi mini ca. Wani dillali mai barkwanci ya ce a ba likitan kifi hanya, ya tambaye ni ko tarwaɗarsa na da hawan jini. Sunan ya bi ni, kuma gaskiya daɗinsa nake ji.

A layin kifi akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba. Idan ka ga aibi a kayan mutum, ba ka faɗa a gaban jama'a. Sai ka mayar da murfin kwali, ka ce masa yau ba ka da bukata, in ya so daga baya ka ja shi bayan rumfa ku yi maganarku ku biyu. Dalili kuwa, mai banda ba shi da tambari, sunansa ne tambarinsa. Na san wannan sarai, kuma watannin farko haka nake yi.

Wata ranar kasuwa, manyan kamfanin suka zo daga birni don su ga yadda muke saye. Tun da safe manajan ya ja ni gefe ya ce an kai masa tsegumi wai ina sassauta wa mutanen ƙauyenmu, don haka yau in nuna musu ba ni da na gida. Maganar ta tsaya mini a rai. Ana cikin layi sai ga Baffa da kwali shida. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka, ya ce in yi aikina kada in ji nauyinsa. Na ɗauki tarwaɗa ɗaya na karya, na kai hanci, sai na ji warin magani. Na ɗauki ta biyu daga wani kwalin, haka. Na ɗaga kai na ga manyan nan sun zuba mini ido, manaja na tsaye a bayansu. Maimakon in rufe kwali in ce yau ba mu da bukata, sai na ɗaga kifin sama, na ce da ƙarfi wannan kaya an yi masa feshi, ba za mu saya ba. Har na ƙara da cewa ko na wane ne, gaskiya ɗaya ce.

Baffa bai yi musu ba. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya sunkuya ya tsince gutsattsarin kifin da na karya ya zuba a aljihu, ya ɗaure kwalayensa. Ba wanda ya taya shi kaya a ranar. Da la'asar na hango shi yana mayar da su mota. Manyan suka yaba mini, ɗayansu ya dafa kafaɗata ya ce irina suke nema.

Kwana uku bayan haka na shiga sito da safe zan ɗauki safar hannu. Na tarar da ma'aikacin da ke share wurin yana fesa maganin kyankyaso a kan kantar da ake ajiye su. Na tambaye shi tun yaushe yake haka, ya ce ai sau biyu a mako yake yi, har da jajibirin kasuwa, kuma makon jiya ne aka dawo da kwalin safar kan wannan kanta. Na zaro ɗaya na shinshina. Warin nan ne, ba ko tantama. Na zauna a kan buhu. Sai a lokacin na tuna cewa a ranar, kayan Baffa ne na farko da na duba bayan na sauya sabuwar safa, kuma da ya tafi na cire ta saboda zufa na ci gaba da hannuna tsirara. Tun ina ƙarami Baffa kan wanke hannu da toka da ruwa, ya shinshina tafinsa, kafin ya shinshina kifin kowa. Sau dubu na ga yana yi. Farar riga ta sa na manta.

Abin da ya wuce kuskure ne, amma abin da ya biyo baya da gangan na yi shi, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Na yi shiru. Na ce a raina idan na faɗa za a ce hancina ba abin dogaro ba ne, a karɓe rigar. Na sauya wa safar wurin ajiya, ban gaya wa kowa dalili ba. Na yi ta yi wa kaina alkawarin zan je gida mako mai zuwa, makon ya zo ya wuce.

Shekara biyu na yi a haka. Labari yana zuwa mini a guntu-guntu daga bakin direbobi. Dillalai sun fara buɗe kwalin Baffa har ƙasa, wasu sun daina tsayawa a gabansa. Daga baya ya daina zuwa kasuwa, ya koma noman shinkafa a 'yar fadamarsa, wadda ciyawar kacala ta cinye rabinta. Ni kuwa aka ƙara mini matsayi. A layin kifi ana gaishe ni da ladabi, amma ba mai tsokanata kuma. Dillalin nan mai barkwanci ya koma ce mini ranka ya daɗe. In na nufo rumfa hira ta mutu, in na wuce ta tashi. Bayan magariba nakan sayi tuwo a leda in koma ɗakina na bayan sito, in ci ina kallon bango. Kullum tsakanin kifi nake wuni, amma na daina iya cinsa. Duk Sallar da ta zo a ɗakin nan na yi ta, na ce aiki ne ya riƙe ni. Ko karatun Alƙur'ani na zauna yi, sai in kai ayar da ke magana a kan shaida in kasa wucewa.

Wani azumi na kasa daurewa, na hau mota na tafi. Na same shi a bakin fadama yana gyaran kunya, ya rame, murhun bandarsa kuwa damina ta rushe shi ba a tayar ba. Na durƙusa na faɗa masa komai ina kuka. Ya bari na gama, sannan ya ce ai ya sani tun ranar. Ya ce da na durƙusa gaishe shi ya ji warin a hannuna, ya ɗauka zan lura. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a wurin. Ya ce in ya faɗa, a gaban iyayen gidana zai tozarta ni, kuma shi bai saba faɗin aibin mutum a cikin taro ba, balle ɗan da ya rena. Ya ce ya yi ta jira in zo da kaina, makon farko, da na biyu, har ya daina duban hanya. Ya ce tsakaninsa da ni ya yafe duniya da lahira, amma abin da aka faɗa a kasuwa, a kasuwa ake janye shi.

Ranar kasuwa ta gaba na tsaya a daidai wurin da na tsaya a da, na ɗaga murya na faɗi gaskiya. Na zaci ƙasa za ta girgiza. Wasu suka yi salati, wasu suka ci gaba da cinikinsu. Wani sabon dillali ya tambayi na kusa da shi wai wane tsoho ake nufi. Mai barkwancin nan ne kaɗai ya matso, ya ce likita ya kawo magani bayan an rufe mara lafiya, kuma bai yi dariya ba. Manaja kuwa da na sanar da shi, cewa ya yi abu ya riga ya wuce, in dai kula nan gaba. Ko takardar gargaɗi ba a ba ni ba. Ashe aikin da na sayar da sunan Baffa don in tsare shi, ba wanda ya yi niyyar ƙwace mini.

Har yau ina wurin, da rigata. Baffa bai koma banda ba, ya ce idonsa ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba, kuma masu sayensa sun saba da wasu. Ina zuwa gaishe shi duk wata. Yana karɓata da fara'a, a shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure, a kawo mini abinci a kwano mai murfi ni kaɗai, irin yadda ake yi wa baƙon da ake ganin girmansa. Shi da 'ya'yansa ina jin motsinsu a cikin gida suna ci a faranti ɗaya.

Ban rubuto don in hana kowa neman aikin da yake mafarki ba. Aikin halal ne, kuma tsare mutane daga cin guba ibada ce. Ina dai jan kunnen matasa 'yan'uwana da Allah zai ɗora a kan duba abincin mutane, ko shinkafa ce ko riɗi ko kifi: kafin ka yanke hukunci a kan kayan wani, ka tabbatar aibin ba daga wajenka yake ba. In za ka faɗa, ka faɗa a inda mutum zai iya ɗaga kai gobe. In kuwa ka gane ka yi kuskure, ka tashi a ranar ka gyara, kada ka bari ya kwana. Da na je a kwana na ukun nan, da Baffa na kan wutarsa har yanzu. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafarar Ubangiji.