Turmin da Ke Daka da Kansa

A Beji na girma, a hannun kakata Iya Laraba. Lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba, sai ta tura doya cikin garwashi, mu jikokinta mu kewaye murhu. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya samu rabonsa.

"To, ku buɗe kunne, ga ta nan tafe," in ji ta.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani gari da mata bakwai ke yi wa gidan mai gari daka. Kullum da yamma a ba kowacce ƙwaryar tsaba, da ita take ciyar da 'ya'yanta. Rannan wani baƙo ya kawo turmi mai daka da kansa. Kafin a ɗaura zani ya gama aikin yini. Mai gari ya yi murna, ya sallami matan.

Bayan kwana uku babbarsu ta koma, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, turmin nan yana cin tuwo?"

"A'a."

"Yana da 'ya'ya?"

"Ba shi da."

"To, ƙwaryarmu bakwai wa yake ɗauka?"

Mai gari ya sunkuyar da kai. Nan Iya take tsayawa.

"Iya, sai suka fasa turmin?" muka tambaya.

"A fasa don me? Ni na san ciwon kafaɗar daka, ba na yi wa kowa fatansa. Ku tashi ku wanke hannu."

Haushi nake ji, gani nake ta manta ƙarshen ne.

Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin wuyan riga a wani shago a Tudun Fulani. Bara maigidanmu ya sayo injin kwamfuta mai fitar da zanen da kansa. Ya tara mu huɗu ya sallame mu, idonsa a ƙasa, ya ce da ni: "Wallahi, Ɗanjuma, in ban saya ba, maƙwabta za su kwashe mana mutane."

Na duba aikin injin. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Maigidan ma ba mugu ba ne. Amma a hanyar gida na gane Iya ba mantuwa ta yi ba. Ita ma an taɓa sallamarta daga aikin daka lokacin da injin niƙa ya shigo, kuma ba wanda ya ba ta amsa. Abin da ta sani ta ba mu, ba ta ƙara ƙarya don mu ji daɗi ba.

Da na isa, 'yata ta tare ni a ƙofa. "Baba, yau ka dawo da wuri."

Na ce, "E, na dawo."