Sharfaddeen da Ajin Ranar Asabar

Sharfaddeen Baballe yana da injin matse man gyaɗa a bakin hanyar da ta fita daga Rano zuwa Kibiya. Mahaifinsa, Alhaji Baballe, shi ya kafa wurin da ƙaramin inji da rumfar kwano. Mutanen gari sun san Sharfaddeen da farar mota mai ɗaukar jarkoki, sun kuma san shi da wata ɗabi'a da direbansa ya tona: duk Asabar ɗin da suka kai mai Kano, sai ya sa an bi ta gaban jami'a, ko da ba hanyarsu ba ce.

Abin da yake zuwa kallo shi ne makarantar koyon gudanar da kasuwanci ta jami'ar, inda masu digiri suke komawa su yi na biyu a ƙarshen mako. Sai a tsaya a tsallaken titi wajen mai shayi, ya zauna a benci yana kallon masu shiga, ma'aikatan banki da 'yan kasuwa da mata masu shaguna, kowa da jaka a kafaɗa. Ya ce shi motocinsu ba su dame shi ba. Abin da yake so shi ne ya zauna a ajin da ake ɗauko labarin wani kamfani, a baje shi kamar an shanya hatsi a tabarma, a yi ta musu a kan inda masu shi suka kuskure.

Ya yi digiri a fannin tattalin arziki, kuma da niyyar wucewa ya gama. A shekarar ce mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya dawo Rano da sunan zai riƙe injin kafin tsoho ya warware. Tsoho bai warware ba. Bayan rasuwarsa aka shiga aurar da ƙanne da karatun na ƙasa, har furfura ta fara tsirowa a gemun Sharfaddeen. Matarsa Murja, idan ya dawo daga Kano, takan karɓi ledar tsaraba ta ce, "Abban Luba, yau ma an je an gaida katangar makarantar?" Shi dai murmushi yake yi.

Bara ya nemi gurbi a makarantar, aka ɗauke shi. Karatun ya fara daidai da shigowar kaka, lokacin da duk mai injin mai yake sayen gyaɗar da za ta kai shi baɗi. Dokar makarantar a fili take: wanda ya cika rashin zuwa aji ba zai zauna jarrabawa ba, kuma sau ɗaya ake yarda ɗalibi ya ɗage karatunsa. In ya sake, gurbinsa ya tafi.

Makonnin farko, in ji Murja, kamar an yi masa sabon aure. Tun daren Juma'a yake goge takalmi. A aji, wata malama, Dakta Halima Sadiya, ta yi musu darasi a kan raba aiki. Ta ce kasuwancin da ba zai yini ba tare da mai shi ba, bai gama kafuwa ba. Sharfaddeen ya ji kamar injinsa ta leƙa kafin ta shigo. Da ya dawo gida ya kira ƙanensa Munzali, wanda yake kula da injina, ya danƙa masa sayen gyaɗa gaba ɗaya. Shi kuma ya riƙe kai mai Kano da karatunsa.

Munzali mutum ne mai zafin nama. Ya ɗora sikeli da buhuna a mota, ya nufi Fammar, gidan Malam Shitu, dattijon da sauran manoma suke jira ya fara sayarwa kafin su kwance bakin buhunansu. Ya tsaya a ƙofar gida ya danna ham. Malam Shitu ya fito, suka gaisa a tsaye, ya ce gyaɗa ba ta gama bushewa ba. Maƙwabcinsa ma haka ya ce. A Zurgu ma amsar ke nan. Munzali ya kawo rahoto, Sharfaddeen ya ce to a jira ta bushe, ya koma kan littafinsa.

Ana cikin jiran ne aka fara ganin motocin masu saye daga Kano suna fitowa daga ƙauyukan a cike. Ƙarar injin Rano kuma ta fara ɗaukewa tun kafin azahar.

Mahaifiyarsu, Hajiya Tani, ta ji zancen a bakin Murja, ta aika aka kira shi. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin gyaɗar da ta sha ranar kaka haka ta ƙi bushewa. Ta tuna masa yadda babansa ya yi da shi tun yana sakandare: ya goya shi a babur, zaure zaure, ya kama hannunsa ya sa a hannun kowane maigida ya ce ga yaronku. A can ba a fara maganar gyaɗa sai an zauna, an sha ruwa, an tambayi iyali da mai jiki. Maigida da kansa zai sa a kawo ɗan faifai, baƙo ya ɓare ɗaya ya ci ya sa albarka, sannan a taɓa sikeli.

"Kai aka kai ka," ta ce. "Shi wa ya kai shi?"

Washegari ya ɗauki Munzali suka tafi Fammar, ba sikeli a motar. Malam Shitu ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dogon yaro da ke ƙofar zaurensa. Bai nuna fushi ba. Ya tambayi jikin Hajiya, ya tambayi karatun, ya ce ya ji an koma makaranta da gemu, to wa yake yi wa wani bulala a can. Sai da aka sha fura ya ce, "Babanka bai taɓa aiko mini da mota ba, ɗan Baballe. Da kansa yake zuwa." Sharfaddeen ya ba da haƙuri, ya kama hannun ƙanensa ya sa a na dattijon. Malam Shitu ya ɗan riƙe hannun, sannan ya leƙa cikin gida ya ce a kawo faifai.

Amma Malam Shitu gida ɗaya ne. Kowane zaure yana cin rabin yini, ba a yi masa gaggawa, kaka kuma ba ta jiran kowa. In ya ware Asabar da Lahadi, masu saye daga Kano za su riga shi. Ya bi ƙauyukan kullum, har ranakun aji. Wata Asabar, a wani zaure a Zurgu, wayarsa ta yi ta motsi a aljihu, 'yan ajinsu suna tambayar ina yake, an fara gabatar da aikin rukuninsu. Bai ciro ta ba, domin maigida yana ba shi labarin rijiyar da ta rufta.

Gyaɗa ta samu, inji ya dawo da ƙararsa, jarrabawa kuma ta wuce shi. Ya je ya ɗage karatun, ya yi amfani da damarsa guda. Dakta Halima Sadiya ta saurari labarin har ƙarshe, ta ce raba aikin daidai ne, miƙa shi ne ya yi wa gaggawa. Ta ce idan ya dawo, tana so ya kawo wa aji wannan labarin a yi musu a kansa.

Shekarar jiran ta yi masa tsawo. Bai fita daga zauren sada zumunta na 'yan ajinsu a waya ba, yana ganin hotunansu suna wuce shi zuwa zango na gaba. Ya koma bencin mai shayi.

Da kakar bana ta shigo, Munzali ya tafi Fammar shi kaɗai, Sharfaddeen ya tafi Kano yana sane da cewa in aka sake ce wa Munzali gyaɗa ba ta bushe ba, shi da makarantar sun rabu. Ya zauna cikin sabbin 'yan aji, yawancinsu sa'o'in Munzali. Lokacin hutun azahar ya kira gida. Munzali ya ce an auna, an loda, ya ci gyaɗa a zaure har ta ishe shi. Sharfaddeen ya tambaya ko Malam Shitu ya neme shi.

"Bai neme ka ba, Yaya. Cewa ya yi in gaida ɗan makaranta."

Da yamma ya tarar da ƙullin dafaffiyar gyaɗa a gida, saƙon dattijon. Murja ta ce ya daɗe yana jujjuya ƙullin kafin ya kwance, sannan ya tambayi Munzali ko har yanzu a gindin dogon yaron nan ake shimfiɗa tabarmar. Da ya ci, ya wanke hannu, ya ɗauko takalmansa na ajin Lahadi ya fara gogewa.