Ranar da Na Fassara Bature da Maye

Shekarar da na fara koyarwa, silimar Funtuwa ta kawo wani fim ɗin Turawa, ba rawa ba dambe, don haka jama'a suka watse tun bai kai rabi ba. Mu 'yan tsiraru kuwa muka kamu, muka yi ta komawa har muka haddace inda yake tsinkewa. Labarin wani basarake ne mai gida bisa tsauni, jemagunsa sun fi barorinsa yawa. Wuni yake cikin akwatin gawa, rana na faɗuwa ya fito shan jinin 'yan mata. Warin tafarnuwa ke korarsa.

Da na je hutu ƙauyenmu, gefen Maska, na baje labarin a majalisa. Aka tambaye ni me ake kiran irinsa da Hausa. Ni mai takardar malanta na gyara murya na ce maye.

Kawuna gadi yake a gidan gurzar auduga, saboda haka barcinsa na rana ne. Gyambon ciki kuma ya raba shi da tafarnuwa. Ba a jima ba 'yar maƙwabcinsa ta kwanta. Malamin asibiti ya duba idonta ya ce ba ta da jini, a garzaya Malumfashi. Sauran lissafin mutanen gari suka ƙarasa, sun ma fi ɗalibaina sauri.

Uban yarinyar ya rantse ba inda za ta sai Kawu ya tsallaka ta sau uku, yadda ake sa maye ya saki kurwa. Kowa ya san wanda ya tsallaka ya amsa laifi ke nan. Na durƙusa wa uban a zaure, yarinyar na numfashi sama-sama.

"Baba, wallahi wasa ne. Jinin ma fenti ne!"

"Malam, da bakinka ka ce maye. Ko boko ya fara ƙarya?"

Na ruga wurin Kawu na riƙe masa riga. "Don Allah kada ka yi."

"To sarkin Turanci," in ji shi, "kana da wata kalmar da za ta kai ta asibiti?"

Na saki rigarsa. Ya tuɓe takalmi gaban jama'a ya tsallaka. Muka ɗora ta a motar auduga, aka yi mata ƙarin jini, ta tashi garau. Warkewar tata ce ta zama shaidar da ba ta ƙaryatuwa. Har Kawu ya rasu, ba wanda ya sake sa hannu a kwanonsa sai ni.