Takalmin Baba Yohanna

Ba na jin akwai ranar da zan manta da safiyar da na ga sawun jini a kan kafet ɗin ɗakin karatunmu. Amma tunda ku sababbin ma'aikatan da aka kawo mana kun ce in ba ku labarin, to ku saurara.

Ɗakin karatunmu na unguwar Shango na jama'a ne, kowa yana shiga. Ni ma'aikaciyar wucin gadi ce, wato ba a tabbatar mini da aikin ba, ran da aka ga dama sai a ce in zauna a gida. Ina gama sakandare aka ajiye ni a teburin ƙofa: in karɓi jaka, in ba da lamba, in tabbatar kowa ya cire takalmi. Saboda kafet aka kafa dokar, don kun san lakar Minna da damina. Shugabanmu Malam Sani yana ji da kafet ɗin nan kamar shi ya saƙa shi. Kuma dokar ba ta taɓa damun kowa ba, don wa zai shiga ɗakin mutane da takalmi?

Akwai wani tsohon malamin firamare ɗan garin Beji, Baba Yohanna, da ya yi ritaya ya dawo wajen 'yarsa. Kullum da safe yana zuwa karanta jarida, ya ce mini, "Hajiyar ƙofa, yau ma kin yarda in wuce?" Wata rana da daminar bara sai ya zo da wani baƙin takalmi mai faɗi, ya tsaya bai cire ba.

"'Yata," ya ce, "suga ta kashe mini ƙafa. Ko garwashi na taka ba zan ji ba. Likita ya ce ko banɗaki kada in shiga ba takalmi."

Na je ofis na faɗa wa Malam Sani. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Yau mai suga, gobe mai hawan jini, jibi duk garin ya zama marar lafiya. Doka doka ce."

Da na kawo wa Baba amsar sai ya yi dariya ya ce, "To, mai gida ya yi magana." Ya sunkuya ya cire.

Bayan 'yan makonni, ina gyara kujeru sai na ga ɗigon jini a jere, daga allon sanarwa har zuwa kujerar Baba. Yana zaune yana karatunsa hankali kwance. Ashe ƙaramar ƙusar nan da muke manna sanarwa da ita ce ta faɗi, ta shige masa tafin ƙafa har gindi. Ni na yi ihu, shi kuwa sai tambayata yake me ya faru. Ciwon ya ƙi warkewa, daga ƙarshe aka yanke masa babban yatsa.

'Yarsa Rahila lauya ce. Ta shigar da ƙara tana neman kotu ta ce dokar cire takalmi haɗari ce ga lafiyar masu shiga. Aka kawo mini sammacin shaida, wato umarnin kotu cewa dole in je in faɗi abin da na sani.

Ana gobe zaman kotu Malam Sani ya kira ni, ya rufe ƙofa.

"Talatu, tsohon nan ya taɓa gaya mana yana da ciwo?"

"Ranka ya daɗe, ai ni na zo na faɗa maka."

"Ni ban tuna ba. Ke ma yarinya ce, kina iya mantawa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ana shirin tabbatar da wasu a aiki. Ki yi tunani."

Na fahimce shi sarai. Da aikin nan nake riƙe da kaina da Inna. Da na gaya mata sai ta ce, "Da alwala za ki yi rantsuwar nan ko? To ki yi alwalarki ki tafi."

Ga wanda bai taɓa zuwa ba: shaida yana jira a waje sai an kira sunansa, a shigar da shi wani ɗan akwati, a rantsar da shi. Barista Rahila ta yi mini tambayoyi a hankali, na faɗi yadda aka yi. Sai lauyan ɗakin karatu ya miƙe.

"Malama Talatu, kin rubuta maganar a wani wuri?"

"A'a."

"To ashe kina iya mantawa."

"Yallaɓai, ni na wanke jinin. Ban manta da komai ba."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Malam Sani yana benci na biyu, ban yarda mun haɗa ido ba.

Ba a kai ga hukunci ba. Lauyoyin suka yi sulhu, kotu ta amince: duk mai larurar lafiya zai shiga da takalminsa. Ni kuwa aka tabbatar da wasu, ba a kira sunana ba. Malam Sani ya daina amsa gaisuwata, kullum ina jiran a ce in tattara kayana.

Ana cikin haka Baba ya dawo, yana dogara sanda. Ya tsaya a ƙofa ya leƙa: ɗalibai cike da ɗaki, kowa ƙafa tsirara, ga takalmansu jere a waje. Sai na ga ya jingina sandar yana neman sunkuyawa.

"Baba, me za ka yi?"

"Hajiyar ƙofa, ina ni ina tattaka wa mutane shimfiɗa? Tun da aka haife ni ban taɓa yi ba. Kunya nake ji."

"Ƙafar gaba ɗaya kake so a yanke?"

"To ya zan yi?"

Ƙofar ofishin Malam Sani a buɗe take, yana kallonmu. Sai na jawo takalmina daga ƙarƙashin tebur na saka, na kama hannun Baba, na fara taka kafet ɗin. Wani ɗalibi ya ce, "Kai! Anti Talatu!" Na ce masa ya kalli littafinsa. Muka taka tare har kujerar jarida.

Da na juyo Malam Sani yana tsaye a bakin ofis. Ya daɗe yana kallon sawunmu, sannan ya ce, "In ya tashi ki share wajen." Maganar farko ke nan da ya yi mini tun ranar kotu.

Har yau wucin gadi nake, kuma har yau gabana na faɗuwa in aka ce ana kirana a ofis. Amma ga abin da na koya. Kotu tana iya canza doka, ba ta iya cire wa mutanenmu kunya. Mai larura zai tsaya a ƙofar nan ya yi shiru ya cire takalminsa don kada a ce ba shi da tarbiyya. Saboda haka in an ajiye ku a teburin nan, kada ku tsaya kallon takalmi kawai, ku dubi yadda mutum yake taka ƙafarsa. In ya kasa shiga, ku saka naku ku shiga gabansa. Tsintsiya tana bayan ƙofa.