Jar Giya da Goron Baba Issaka

Har gobe ban manta da ranar da aka jera kofuna a kan dogon tebur ba. A farkon shekarun 1990 ne, ina aiki a wani gidan abinci na mutanen tsibirin Cyprus a Marylebone. Karatu ne ya kawo ni Landan, ya watsar da ni a kicin wajen gashin nama. Masu kai abinci tebur su ne a gaba, babbansu kuwa Baba Issaka, mutumin zangon Kumasi, dattijon da ba a raba aljihunsa da goro.

Ku da ba ku yi aikin ba, mai kai abinci ba faranti kaɗai yake ɗauka ba. Baƙo zai tambaye shi giyar da ta dace da abin da ya zaɓa, dole ya amsa ba inda-inda. Gidan yana tinƙaho da wata jar giya ta tsibirin su maigida. Baba Issaka bai taɓa kai ta baki ba, amma ya fi kowa iya tallarta. Tsohon maigida ne ya kwatanta masa ɗanɗanonta, shi kuma ya mayar da shi abin da ya sani. Ya ce mini tana da tsami-tsami irin na zoɓo, da ƙamshin busasshen inabi, sai bauri mai kama harshe kamar na goro. Baurin nan ke wanke maiƙo, shi ya sa take tafiya da gasasshen rago, da cuku mai gishiri, da naman da aka dafa da tumatir da kirfa. Kifi kuwa ta fi ƙarfinsa, sai ya yi ƙarni a baki.

Nakan tsokane shi in ce, "Baba, wannan karatu fa ba na allo ba ne." Sai ya yi dariya ya ce, "Sule, hannu ya riga ya shiga, Allah ya yafe. Amma bakina, na tsare shi."

Da tsohon ya rasu, ɗansa ya karɓi gida da sabuwar doka. Duk mai kai abinci sai ya kurɓi giyar, ya juya ta a baki, ya tofar a bokiti, sannan ya faɗi abin da ya ji. Wanda ya ƙi, ga ƙofa nan. Lokacin kuwa takardun zaman Baba Issaka sun kusa ƙarewa, kuma a kan wannan aikin suke rataye.

Ranar da aka jera kofunan, da layi ya zo kansa, ya ce, "Maigida, babanka bai taɓa sa ni ba."

"Babana ya tafi," in ji shi. "Ba haɗiyewa za ka yi ba."

Baba Issaka ya waiwayo ta tagar kicin, ya ce mini da Hausa, "Ina da appointment a Croydon, ofishin takardun zama. In ya yi sacking na, yara fa?"

Ya ɗaga kofin. Na ga leɓɓansa sun fara bisimilla, yadda ya saba kafin ya kai komai baki, sai ya katse a tsakiya. Ya kurɓa, ya tofar, ya maimaita bayanin da ya shekara da shekaru yana yi. Maigida ya ce ya yi, ya wuce na gaba.

Ya shigo kicin ya yi ta kurkure baki a famfo. Sannan ya ɓantari goro don ya kore abin, sai na ga ya furzar. "Ashe gaskiya nake faɗa ma su," ya ce. "Baurinta da na goro ɗaya ne." Ya miƙo mini ƙunshin goron duka.

Takardun sun fito, amma ba a rufa shekara ba aka sallame shi, wai ana son matasa a gaba. Ya koma shara a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mun haɗu ranar Sallah a masallacin Regent's Park, yana can sahun baya, duk ya zabge. Na miƙa masa goro. Ya girgiza kai, ya ce har yanzu yana jin giyar nan a bakinsa.

Abin da aikin nan ya koya mini ɗaci gare shi. Kowannenmu yana da ɗan abin da ya tsare wa kansa, kuma shi za a nema ranar da aka san ba ka da wurin zuwa. Na Baba Issaka bakinsa ne. Ya bayar, kuma bai tsira da aikin ba, bai tsira da goron ba.